Gardamar Ɓaure

Ranar sadakar ukun Baffa na ga abin da ban taɓa gani a gidan makoki ba. Duk wanda ya zo ƙofar gidanmu na Yalwawa sai ya yi gaisuwa da fuskar jimami yadda ya kamata, ya ce Allah ya jiƙansa, ya samu gefen tabarma ya zauna. Kafin a jima sai ka ga kafaɗunsa suna rawa. Mu mata muna cikin gida, amma ta zaure muna jiyo komai. Liman ya yi gyaran murya sau biyu don a natsu. A na ukun shi ma dariyar ta kufce masa.

Wani tsoho da suka yi aiki tare a ofishin dabbobi ne ya fara. Ya ce, "Shekara talatin muna tebur ɗaya, ban taɓa cewa yau Talata ce ya ce mini haka ne ba." Wani Bafulatani da ya taso daga wajen Kiyawa ya ce marigayi ya taɓa yi wa saniyarsa magani har ta miƙe, da ya zo godiya sai marigayin ya kafe a kan cewa dama lafiyarta ƙalau, ragwanta ce irin ta mai ita. A cikin gida kuwa Inna, matarsa, ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Ni dai na yafe masa duniya da lahira. Amma da zai tashi yanzu, cewa zai yi ba haka ake yafiya ba."

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Yana can ƙarshen tabarma cikin riga da wando, sandarsa a kan cinya, hawaye na bin fuskarsa bai damu da sharewa ba. 'Yan'uwa da suka zo daga ƙauye suka riƙa tambaya a hankali, wannan Kiristan fa, me ya haɗa shi da Alhaji? Amsar ba ta faɗuwa a tsaye, shi ya sa na zauna na rubuta ta. Jikokinsa ƙanana abin da suka sani kawai shi ne wani tsoho mai faɗa a gindin bishiya, kuma ba na son ya tsaya a haka.

Baffa wan mahaifina ne. Mahaifina ya rasu ina shekara huɗu, shi ya ɗauke ni, shi ya kai ni makaranta, shi ya aurar da ni. A ruga aka haife shi, ya bi shanu har ya yi wayo kafin a kama shi a sa a boko, daga baya ya zama malamin dabbobi. Da ya yi ritaya ya sayi fili a Yalwawa mai ƙatuwar bishiyar ɓaure a gefe. Magini ya ce sai an sare ta katanga za ta miƙe. Baffa ya ce katangar ta lanƙwasa. Har gobe in ka zo gidanmu za ka ga katangar ta yi ciki kamar ta ƙoshi.

Ba ya karɓar magana hannu biyu. Ko gaisuwa ka yi masa ka ce an ce za a yi ruwa, sai ya ce, "Wa ya ce?" Yakan ce magana saniya ce, sai ka san uwarta kafin ka saya. Da rediyo ma gardama yake yi, in mai labarai ya gama sai ya ce masa, "Kai ma gaya maka aka yi."

Dakta, wato mutumin nan mai sanda, ya tare a gidan da ke jikin namu bayan an buɗe jami'a. Mutumin Filato ne, malamin ilmin harsuna, Hausa a bakinsa kamar a Kano aka yanke masa cibiya. Baffa yana kiransa likitan da ba ya allura. Wata ranar Asabar bayan la'asar, na je gaida su Inna, sai ga shi ya yi sallama ya tsuguna a gindin ɓauren.

Ya ce, "Baba Alhaji, an ce ka yi kiwo."

"Wa ya ce?"

"Kai ka gaya mini jiya."

"To, na yi."

Dakta ya ce akwai wata kalma da ta hana shi sakat. A littafinsu mai tsarki, a ɓangaren da aka rubuta da Ibrananci, tsohon harshen Bani Isra'ila, akwai wani annabi da aka kore shi daga wa'azi, shi kuwa ya nuna musu cewa shi ba ɗan gidan malamai ba ne, makiyayi ne, kuma *boles* ne na ɓaure. Wannan *boles* ɗin ita ce matsalar. An san aiki ne da ake yi wa ɓaure, an san tushenta baƙaƙe uku ne, wato harafin ba da lam da sin. Amma duk faɗin littafin sau ɗaya tak ta fito, ba ta da 'yar'uwa da za a gwada ta da ita. Waɗanda suka fara fassara littafin zuwa Girkanci tun zamanin da sun ce ma'anarta mai tsaga 'ya'yan ɓaure da wuƙa don su nuna da wuri. Wasu sun ce mai tsinka ne, wasu sun ce mai kula da bishiyar kawai.

"Shi ne na ce bari in tambayi makiyayi mai ɓaure a ƙofar gida," in ji Dakta.

Baffa ya gyara zama. Na san wannan gyara zaman, na tausaya wa Dakta.

"Su Girkawan sun taɓa kiwo?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ba su taɓa ba. Mutum da garke a gabansa, ina ya ga lokacin bin 'ya'yan itace ɗaya-ɗaya yana yi musu tsaga? Makiyayi kaɗo ɓaure yake yi. In rani ya yi tsanani ciyawa ta ƙare, ka hau ka girgiza reshe, awaki da shanu su taru a ƙasa. Na yi da hannuna. Annabin nan kaɗo yake yi, je ka rubuta."

Dakta ya ce maganar tana da ma'ana, amma shi ya fi karkata ga tsaga. Da wannan amma ɗin ya saya wa kansa gardamar shekara goma sha ɗaya.

Baffa ya sa shi ya rubuta masa kalmar da baƙaƙensu a takarda. Da ya ji daga dama ake fara karantawa kamar Larabci, sai ya ce, "Ashe dai suna da hankali." Ya naɗe takardar ya sa a cikin hularsa, yana yawo da ita. Wata rana a masallaci ya cire hula zai gyara, takardar ta faɗo a sahun farko. Wanda ya tsinta ya buɗe ya ga rubutun da ba Larabci ba, ba boko ba. Kafin sati ya zagayo unguwa ta ɗauka cewa Alhaji yana ɗaukar karatu a wurin Kirista, wasu suka ce laya ce ta Yahudawa. Mutanen da suka saba yi masa wuri a sahun gaba suka fara matse kafaɗa. Inna ta daina zuwa gidan suna saboda kallon da ake yi mata. Ni ma a makarantar da nake koyarwa wata ta ja ni gefe ta ce mu riƙa yi wa tsohonmu addu'a.

Liman ya aika a kira shi. Baffa ya tafi da takardarsa, ya ajiye ta a gaban Liman da dattawa uku, ya ce, "Allah gafarta malam, annabawan da Allah ya aiko duka aka ba mu sunayensu?"

Liman ya ce a'a, da yawa ba a ba mu labarinsu ba.

"Akwai wanda bai yi kiwo ba a cikinsu?"

Liman ya ce abin da aka karantar da su shi ne duk sun yi.

"To, wani makiyayi ne ake yi wa ƙazafin yana wasa da wuƙa ya bar dabbobinsa da yunwa, nake tare masa. Ɗauko mana babban ƙamusun nan naka."

Liman ya ɗauko, don a rabu lafiya. Suka buɗe babin harafin ba, suka bi da yatsa. Sai ga ta: *balas*, wani irin ɓaure, a bakin Larabawan Yaman. Liman ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Aka aika a kirawo Dakta, ya tsaya daga bakin ƙofa, aka miƙo masa littafin. Ya ce dama masana sun ambaci haka, har a harshen Habasha ma sunan ɓaure ke nan, amma bai taɓa gani da idonsa a ƙamus na Larabci ba. Liman, wanda ya kira zaman don ya yi nasiha, shi ne ya ƙare da bayani: sunan ɗan itacen aka ɗauka aka mayar aiki, kamar yadda muka ɗauki hannu muka ce hannunta. Ke nan kalmar ba ta ce komai ba illa mai aikin ɓaure.

"Wane aikin?" in ji Baffa.

Liman ya ce shi a ganinsa tsagar ta fi kama hankali.

Baffa ya dawo gida yana huci. An wanke shi daga zargi, an mayar masa da wurinsa a sahu, amma ko a jikinsa. Abin da yake faɗa kawai shi ne, "Na je da abokin gardama ɗaya, na dawo da biyu."

Da bishiyar ta sake yin 'ya'ya, ya yanke shawarar kashe maganar. Ya aika wa wanzamin gidanmu, wanda ya yi wa duk 'ya'yan gidan askin suna. Mutumin ya zo da zabirarsa da hantsi, ya durƙusa ya ce wa za a yi wa ƙaho.

Baffa ya nuna bishiya.

Wanzami ya dubi bishiya, ya dubi Baffa, ya dubi Inna da ke leƙowa ta zaure. Ya ce, "Alhaji, na yi aski, na yi ƙaho, na cire beli, na yi kaciya ba adadi. Ban gaji itace ba."

"Sarkin aska, ba shawara na kira ka ba. Wannan reshen za ka bi, kowane ɗa ka yi masa tsaga ɗaya, kar ka zurfafa. Wancan reshen kar ka taɓa shi."

Haka dattijon nan ya hau turmi yana bin ɗanyen ɓaure da aska, farin ƙaro yana bin yatsunsa, yana bismilla a kan kowane ɗaya saboda sabo. Dakta yana ƙasa da littafi yana rubutu. Masu wucewa a babur suna rage gudu. Da ya gama ya sauko ya ce, bisa al'ada in ya yi aiki akan ba shi kan rago, yau me za a ba shi? Baffa ya ce ya dawo in majinyatan sun warke.

Aka yi alkawari ranar Juma'a za a taru a duba. Ranar Alhamis da safe Baffa ya fita shi kaɗai ya ɗaga kai. Reshen da ba a taɓa ba yana nan kore shar, da tauri kamar tsakuwa. Wanda aka tsaga kuwa 'ya'yan sun kumbura sun yi ja. Ya tsinki ɗaya ya ɓare, babu tarin ƙwarin nan da aka san ɓaure da su, ya sa a baki, zaƙi. Girkawa sun yi gaskiya, kuma gobe Dakta da Liman za su zo su gani.

Ya waiga dama da hagu. Sannan ya hau turmi ya tsinke su tas, ya zauna a bayan katanga ya cinye. Inna ta ce sun kusa cika kwano.

Ranar Juma'a da baƙi suka zo, ya ce musu jemagu sun riga su. Dakta ya ce abin mamaki, jemagun Yalwawa reshe ɗaya suke ci. Baffa bai samu damar amsawa ba, don a lokacin ya miƙe da sauri ya ɗauki buta, karo na biyar tun safe. Inna ce ta tona shi. Ta leƙa ta katanga ta ce wa matar Dakta, "Maman yara, ko kina da maganin gudawa? Jemagen gidanmu ne ba lafiya."

Da ya samu sauƙi Dakta ya zo dubiya yana ƙunshe dariya. Baffa yana kwance a tabarma, bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Na yarda wuƙa tana nunar da ɓaure. Ban yarda annabin ya riƙe wuƙa ba. Kana wurin?" Dakta ya daina dariya. Ya ce wannan gaskiya ce, gwajin ya nuna abin yana yiwuwa, bai nuna shi kalmar take nufi ba. Daga baya ya gaya mini cewa a duk shekarun da ya yi yana koyarwa, ɗalibai kaɗan ne suka gane wannan bambancin da kansu.

Faɗansu na gaske ya zo ne bayan Dakta ya buga maƙalarsa a wata mujalla ta masana. Ya kawo wa Baffa kwafi da murnarsa. Baffa yana jin Turancin allura da magani, amma wannan ya fi ƙarfinsa, sai aka kira ni in fassara. Na karanta shafi goma sha wani abu, duk tsaga ce. Ra'ayin Baffa yana can ƙasan wani shafi da ƙananan baƙaƙe, layi uku, an ce wani tsohon makiyayi na karkara ya ba da shawarar cewa wataƙila kaɗowa ake nufi.

Na so in tsallake, ya ce in maimaita.

"Tsoho," in ji shi. "Da shekara nawa na girme shi? Karkara. Yalwawa ce karkara, ga fitilar titi? Kuma duk filin da ke cikin takardar nan, sai a bakin ƙofa ya ajiye ni, inda ake cire takalma."

Dakta ya yi rantsuwa cewa haka ake yi, ɓoye suna mutuntawa ce. Baffa ya naɗe tabarmarsa ya shige gida. Wata huɗu ba su zauna tare ba. Amma da yake ya san bai halatta a ƙaurace wa maƙwabci ba, duk bayan kwana uku sai ya je jikin katanga ya ɗaga murya ya ce, "Dakta, ina kwana. Ban huce ba." Daga can a ce, "Lafiya lau, Baba Alhaji. Allah ya huci zuciyarka." Sai kuma bayan kwana uku.

Ana cikin haka wata safiya Dakta ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya ɗauke. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan kalmomi ya dawo daga asibiti ba ya iya cewa ruwa. 'Ya'yansa suna nesa, matarsa ita kaɗai. Abokan aiki suka zo sati na farko, sati na biyu suka ragu. Ya daina ko ƙoƙarin motsa baki, in an yi masa magana sai ya juya fuska bango.

Baffa ya ɗauki tabarmarsa ya shiga gidan ba tare da ya ce ya huce ba. Kullum in ya karya kumallo sai ya je, ya taya a ɗaga shi, ya murza masa hannun da ya mutu da man shanu kamar yadda yake yi wa maraƙin da ya kasa tashi. Sannan ya zauna ya fara. Ba ya lallashi, ba ya cewa sannu. Ƙarya yake shimfiɗawa a gaban masanin harsuna, da gangan, da murya mai daɗi. Ya ce ya yi bincike ya gano Ibrananci daga Fulatanci ya fito. Ya ce Girkawa 'yan Gaya ne da suka ɓata a hanya. Dakta yana kwance, idonsa yana ja, leɓensa yana rawa.

A sati na shida ina wurin, na kai musu kunu. Baffa ya ce, "Yau na zo da magana ta ƙarshe. Na yarda tsaga ce. Amma kalmar tamu ce. Ɓalli-ɓallin da wanzamai ke yi wa kumburi, shi Bani Isra'ila suka ara, bakinsu ya kasa ɓa suka ce ba. Gobe zan sa 'yar nan ta rubuta wa mujallar, da sunanka a ƙasa."

Dakta ya yunƙura. Wuyansa ya kumbura, bakin ya karkace, ya fizgo maganar da ƙyar kamar ana ciro guga daga rijiya mai zurfi.

"Ƙar... ƙarya ne!"

Matarsa ta saki kofi ta fashe da kuka. Baffa ya shafa fuska ya ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ya juya ya ce, "Wa ya ce ƙarya ne? Kawo hujja." A hankali a hankali, cikin wata da watanni, Dakta ya kawo ta: kamar sauti ba ita ce dangantaka ba, in ba haka ba da kare da kara 'yan'uwa ne.

Bara da damina Baffa ya fara ramewa. Likitoci suka ce hanta ce, kuma an makara. Ya ce wa ya ce, amma a wannan karon bai jira amsa ba. Ya ƙi zama a asibiti. Aka shimfiɗa masa katifa a zaure inda zai riƙa ganin masu wucewa. Kwana biyu kafin rasuwarsa, da azahar, Dakta ya shigo yana jan ƙafa da sandarsa, ya zauna a gefensa. Ni da Inna muna bakin ƙofa.

Can Baffa ya buɗe ido ya ce, "Dakta."

"Na'am, Baba Alhaji."

"Da alama zan riga ka zuwa inda mutumin nan yake. In Allah ya yi mini rahama ya haɗa mu, zan tambaye shi. Makiyayi ba ya ɓoye wa makiyayi."

Dakta ya kama hannunsa ya ce, "To ni yaya zan ji amsar?"

Baffa ya yi ɗan tunani.

"In tsaga ce, zan san yadda na yi na aiko maka. In ka ji shiru, ni ne da gaskiya."

Ya rasu ranar Laraba da walaha, da kalmar shahada a bakinsa, ita kaɗai ce maganar da ban taɓa jin ya nemi hujjarta ba. Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa kurakuransa, ya saka masa da alherin da ya yi wa marainiya da maƙwabci da dabbobin da ba su da bakin godiya, ya sanyaya makwancinsa.

Jiya na haɗu da Dakta a ƙofar gida, na gaishe shi, na tambayi jiki. Ya ce jiki da sauƙi. Ya ɗan tsaya yana dogara sanda, sannan ya ce, "Malama, yau wata bakwai ke nan. Shiru nake ji."